Rumbun bayananmu a Garwa: na gida ko na haya?

Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi da albasa a Garwa, arewacin Kamaru, mai reshe a Marwa. A da duk lissafinmu yana kan AWS, rumbun bayanai na haya na kamfanin Amazon da ake shiga ta intanet, kuma ban raina aikinsu ba, tun 2006 suke wannan sana'a. Nisa ne matsalar. Cibiyarsu ta Afirka tana Cape Town, an buɗe ta a 2020. Microsoft da Google su ma Afirka ta Kudu suka sauka, a 2019 da 2024. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, tirela na sauke buhuna, akawunmu na rubutu a littafi. Ga biyan wata da dala, mu kuwa da sefa muke ciniki.

Na ce wa shugabanmu, "Alhaji, a bar ni in gina namu a gida." Ya ce, "Malam, in wuta ta ɗauke fa?"

OpenStack na fara gwadawa, manhajar gina rumbun bayanai da NASA da kamfanin Rackspace suka buɗe wa kowa a 2010. Ƙarfi gare ta, amma don manyan cibiyoyi aka yi ta: Nova, Neutron, Keystone, kowane sashe na son mai kula da shi. Na koma Proxmox, wata manhajar da ta fi sauƙin riƙo. Injuna uku, manhajar ajiya ta Ceph na ajiye kwafin bayanai a kowanne. Ɗaya ya mutu, biyu su ci gaba.

Manhajar kyauta ce, riƙon ne da kuɗi. A watan Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya kuma wuta ta yi ƙaranci, don haka sola da batura da na'urar sanyaya ɗaki suka fi injunan cin kuɗi. Da hunturu kana buɗe murfi za ka ga ƙura ta toshe fanka. Abin da ya fi damuna shi ne ilimin ya tsaya a kaina ni kaɗai, shi ya sa nake koya wa wata ɗaliba sauya faifai da dawo da bayanai.

AWS kuwa ba mu rabu ba. Kowane dare kwafin lissafinmu na tafiya can a kulle da lambar sirri, saboda gobara ko ɓarawo. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da masu yawa ake biya, don haka muka ware kuɗinta a kasafi.