Zaman Karatu da Matasa Kan Maƙiyan da Suka Koma Masoya

Duk Asabar nakan jagoranci zaman karatu na matasa a laburaren unguwarmu a Ingila, 'yan shekara 15 zuwa 17. Su ke zaɓen littafi, nawa shirya tambayoyi. Da suka zaɓi Carry On na Rainbow Rowell, marubuciya 'yar Amurka, wanda ya fito a 2015, ƙashin labarin bai zame mini baƙo ba. Duk wanda ya taso da littattafan soyayya na Kano ya san amaryar auren dole da angon da ko ga maciji ba sa yi, har ranar da ciwo ya kwantar da ɗaya, ɗayan ya kwana jinya. Bambancin kawai, a nan samari biyu ne, Simon da Baz, a ɗaki ɗaya a makarantar koyon sihiri.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba za su so batun ba. Ni dai aikina shi ne in gane abin da ke riƙe yaran nan har su manta da waya, kuma na gane.

Ba ranar sulhu suka fi so ba, sa ido suka fi so. Simon ya shafe shekaru yana bin sawun Baz don ya tabbatar mai shan jini ne: ya san lokacin da yake fita da dare, ya san inda yake zuwa. Da aka koma makaranta Baz bai dawo ba, sai Simon ya kasa sukuni, yana ce wa kansa makirci yake tsoro. Wata yarinya ta buɗe shafin, ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce yaron nan kewa ke damunsa, shi kaɗai ne bai sani ba. Wani yaro da ba ya cika magana, kansa a sunkuye yana murza gefen takarda, ya ce gaba ce kaɗai hanyar da namiji zai yi ta tunanin wani namiji ba wanda ya tuhume shi. Maganarsa ta fi duk tambayoyina nauyi.

Sihirin ma yana da aikinsa. Gidan su Baz na adawa da shugaban makarantar da ya ɗauko Simon, don haka ƙiyayyar gado ce, ba son rai ba. Binciken wanda ya sa aka kashe mahaifiyar Baz ne ya tilasta musu zama inuwa ɗaya. Abin da ke raba su yaƙi ne, ba kasancewarsu maza ba, kuma yaran sun ce wannan ya ba su damar shaƙatawa. Wata tsohuwar ma'aikaciyar laburaren ta tuna mini cewa daga 1988 zuwa 2003 akwai dokar da ta hana ƙananan hukumomin Ingila tallata irin wannan soyayya, har malamai ke tsoron taɓa batun.

Inda muka fi daɗewa shi ne iyaka. Yaran ba su yarda da kowane irin maƙiyi ba. Wanda ke wulaƙanta mutum don jin daɗi, sannan marubuci ya wanke shi da sumba ɗaya, sun ce ba sa so. Tun daga nan, kowane littafi irin wannan muka ɗauka, nakan fara da tambayar me ɗayan ya yi wa ɗan'uwansa, kuma a wane shafi ya biya bashin abin da ya yi.