Shekara huɗu da rabi kafin na tsaya gaban ajina a Okland

Ina da shekara 14 muka bar Maradi muka bi Baba zuwa Okland, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Na iso da Hausa a baki da Faransancin lakwal, Turanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Ajin koyon Turanci da aka saka ni cike yake da yaran Meziko da Gwatamala, shi ya sa Sifaniyanci ya riga Turanci zama a kunnena. Faransanci ya taimaka, don harsunan biyu 'yan uwa ne. Daga baya na yi shekara uku ina wanke kwanuka a wani gidan abinci inda ba a jin wani harshe a kicin sai shi. A lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba, ashe jarina ke nan a hanyar zama malamin nazarin ƙabilu mai koyarwa da harshe biyu.

A Kalifoniya, al'adar da aka saba tun dokar 1970 ita ce mutum ya gama digiri na shekara huɗu, sannan ya ƙara shekara ɗaya ko fiye don lasisin koyarwa. Mai son koyarwa da harshe biyu kuma akwai ƙarin darussa da gwaji a kansa. Ɗan talaka da ake jira ya fara kama kuɗin haya, ina zai samu shekara shida? Da ƙarancin malamai ya tsananta, a 2016 jihar ta ware dala miliyan 10 don jami'o'i su tsara shirin da zai haɗe digiri da lasisi wuri guda. A shekarar ce kuma masu zaɓe suka soke dokar 1998 da ta taƙaita koyarwa da wani harshe ban da Turanci. Shekara 18 ana danne wannan fanni, da aka buɗe ƙofa sai aka waiga aka ga malaman sun yi ƙaranci. Ta wannan ƙofar na shiga.

Na fara da kwalejin al'umma (ta karatun shekara biyu) a 2018, saboda arha. Tsarin shi ne ka haɗa maki 60 a can (makin da ake auna nauyin darussa da shi), ka samu tabbacin gurbi a jami'ar jiha, ka cike sauran. Kuskurena na farko a nan na yi shi. Zangon farko da na biyu ni na zaɓi darussana da kaina, abin da nake dubawa kawai kar su yi karo da lokacin aikina. Da na je jami'a aka baje takarduna, biyu daga ciki ba su shiga lissafi ba, kuma akwai wani darasi da dole sai an yi shi kafin a fita koyarwar gwaji, sau ɗaya ake bayar da shi a shekara. Na rasa shi. Rabin shekara ya tafi a kan abin da zaman minti 30 da jami'in shirin zai magance. Duk wanda ya tambaye ni yanzu, ce masa nake ya je ofishin shirin a jami'ar da yake nufi tun kafin ya yi rajistar darasi ko ɗaya, ya karɓo jerin a rubuce.

Wani abin da ban sani ba sai da na shiga: jihar ba ta da lasisi mai suna nazarin ƙabilu. Yawancinmu lasisin ilimin zamantakewa muke ɗauka, wanda ya ƙunshi tarihin duniya da na Amurka da labarin ƙasa da tattalin arziki da tsarin mulki. Sai ka ɗora darussan nazarin ƙabilu a kai, ka ɗora na koyarwa da harshe biyu. Akwai zangon da na ɗauki maki 18, ga darussan bazara, ga korona da ta mayar da mu gaban kwamfuta.

Amma nauyin da ya fi taɓa ni ba na jadawali ba ne. Fannin nazarin ƙabilu ya ginu ne a kan tarihin al'ummu huɗu: baƙaƙen Amurka, 'yan asalin ƙasar, mutanen Latin Amurka, da mutanen Asiya da tsibiran Fasifik. Ya samo asali daga yajin da ɗalibai suka yi a kwalejin jiha ta San Faransisko daga Nuwamba 1968 zuwa Maris 1969, suna neman a koyar da tarihinsu. Ni kuwa na taso a gidan da manya ke ja mana kunne mu yi nesa da baƙaƙen Amurka, wai ba su son aiki. Na ɗauki maganar na riƙe ba tare da na taɓa auna ta ba. Ran nan malamarmu ta buɗe taswirar Okland ta shekarun 1930, wadda hukumar gwamnati ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar kada banki ya ba da rancen gida a can. Na bi layi-layi da yatsa a kan allon kwamfuta har na ga unguwar da muke haya, ja wur. Na daɗe ina kallo. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda Inna ke kai wa tuwo ranar sallah, a cikin wannan jan aka haife ta.

Da daddare na kai wa Baba maganar. Na ce, "Baba, ka san dokar shige da fice ta 1965 da ta sassauta wa 'yan Afirka da Asiya shigowa, a kan guguwar gwagwarmayar mutanen nan ta zo?" Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To, Allah ya saka musu. Ba mu sani ba." Tun daga ranar ban ƙara jin waccan maganar a bakinsa ba.

Koyarwar gwaji ita ce inda mutane suka fi faɗuwa, kuma kuɗi ke kayar da su. Hukumar ba da lasisi tana buƙatar aƙalla sa'a 600 a cikin aji, mu kuwa ba a biyan mu ko sisi. Dole na bar aikin kicin. Abin da ya riƙe ni tallafin jiha ne na dala 20,000 da ake bayarwa a lokacinmu, bisa alkawarin koyarwa shekara huɗu a makarantar da ke da buƙata. Azumin 2022 a cikin wannan hali ya same ni: in yi sahur, in shirya darasi, in kama bas, da yamma in koma jami'a, ga bidiyon koyarwata da zan ɗauka in tura a tantance.

A wannan ajin na haɗu da yaron da har yau nake tunawa. Daga Gwatamala ya zo, an rubuta a takardarsa cewa Sifaniyanci yake ji. Kullum yana kujerar baya da hular rigarsa a kai. Ina yi masa bayani da Sifaniyancina da nake alfahari da shi, yana gyaɗa kai, takardarsa fara fat. Mako uku ina ɗauka taurin kai ne. Malamar da aka damƙa ni a hannunta ce ta ja ni gefe ta ce in saurari abin da yake yi da abokinsa lokacin cin abinci. Harshen Mam ne, ɗaya daga cikin harsunan Maya, kuma masu jin sa suna da yawa a Okland. Sifaniyanci a wurinsa harshen makaranta ne, kamar yadda Faransanci yake a wurina a Maradi. Kunya ta kama ni, don ni ne ya kamata in fara ganewa. Baba ya sha ba mu labarin alamar da ake rataya wa yaro a lakwal idan aka kama shi yana Hausa.

Washegari na rubuta "ruwa" a kan allo, na ce haka ake cewa da harshen mahaifiyata, na miƙa alƙalamin allon ga duk mai son rubuta nasa. Bai tashi ba. Sai da aka tashi kowa ya fita, ya zo ya rubuta wata gajeriyar kalma a can ƙasan allon, ya fita bai dube ni ba. Na bar ta har ƙarshen mako ban goge ba.

Babu darasin jami'a da ya shirya ni don wannan, kuma a nan nake ganin gajerun hanyoyi irin wannan shirin namu suna da rauni. Littafin da ya cancanci wata guda a mako muke wuce shi. Tarihin yajin ma'aikatan gonakin inabi na garin Delano da ke Kalifoniya a 1965, da yadda Larry Itliong da 'yan Filifin suka fara kafin Cesar Chavez da Dolores Huerta, jagororin ma'aikata 'yan asalin Meziko, su shigo da mutanensu, sai bayan na gama na zauna na karanta shi da kyau. Haka kuma shirin ba ya koya wa mutum harshe daga tushe. Wanda bai zo da harshensa na biyu a baki ba, ban ba shi shawarar ya bi wannan hanya ba. Ni kaina sai da na yi fama da rubutaccen Sifaniyanci, don na kicin daban, na rubuta darasin tarihi daban. Hausa kuwa ba ta cikin harsunan da ake ba da izini a kansu, abin yana mini ciwo.

Na gama a Disamba 2022, shekara huɗu da rabi. Ina tsakiyar karatu, a Oktoba 2021, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ce ɗaliban sakandare masu gamawa a 2030 sai sun yi zango ɗaya na darasin nazarin ƙabilu, amma an rataya aiwatar da ita a kan samun kuɗi daga kasafin jiha, kuma takaddama a kan abin da za a koyar ba ta ƙare ba. Makarantarmu dai tana koyarwa. Aikin farko da nake ba ɗalibaina kowace shekara shi ne su yi hira da wani babba a gidansu, da harshen da yake so, su kawo muryar aji. Kafin su fara nakan kunna musu tawa, Inna tana ba da labarin kasuwar Maradi da Hausa, ni ina fassarawa jimla-jimla.