Rariyar gida tun da rani take toshewa

Duk shekara labarin ɗaya ne a nan Marwa ta arewacin Kamaru, da ruwan Agusta ya sauko da ƙarfi sai tsakar gida ta cika, takalma na yawo a kai, kowa ya hau cewa kai ruwan bana ya yi yawa. Ruwa kam ana yi, kogin Mayo Kaliyawo da kake ratsawa da ƙafa a watan Maris shi ne ke cika har baki. Amma ni a ganina yawancin rariyoyinmu tun da rani suke toshewa, damina tana zuwa ne kawai ta tona asiri.

Ku duba wurin wanke-wanke. Ana goge tukunya da toka da yashi, a ɗauraye, duk ya bi rariya. Yashi ba ya narkewa, kwanciya yake a ƙasan bututu. Sai ga ruwan miya da kitse da manja sun biyo baya, suna da zafi suna gudu, da sun huce sai su daskare su kama yashin nan, ƙwayar shinkafa ta zo ta maƙale, gashin da aka taje ya zo ya nannaɗe, ledar ruwa ɗaya ta zo ta rufe baki, shi ke nan an gama. In aka zaro shi wlh kamar tsohon tsumma baƙi ƙirin, ga wari.

Abin da na ga yana aiki ba mai tsada ba ne. A sa magini ya yi ɗan ƙaramin rami na siminti daidai inda ake wanke-wanke, bakin bututun ya fita daga sama ba daga ƙasan ramin ba, yashi ya kwanta a ƙasa ruwa ya wuce. Duk mako a kwashe. A ɗaura raga a baki, ko guntun ragar taga ma ta isa. Man da aka gama suya da shi kuma dan Allah a juye a gwangwani, kar a zuba a rariya. In sabon bututu za a shimfiɗa a tsaya a kan maginin ya ba shi gangare, kamar santimita 2 a kowace mita ɗaya, don wasu a kwance suke ajiye shi su karɓi kuɗinsu su tafi.

Sai maganar magunguna, nan ne nake jin tsoro. Wasu da rariya ta toshe sai su zuba sodar yin sabulu, wasu asid, wasu su bi da jabel (ruwan bilicin wanki) a kai wai don wari. Jabel da asid in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, a ɗan banɗaki mara taga tana iya shaƙe mutum. Soda tana cin fata, in ta fallatsa a ido ba wasa. Tafasasshen ruwa ma yana sa bututun roba ya yi laushi, ruwa mai ɗumi sosai da omo ya wadatar, sai doguwar waya a zura a hankali.

Masu haƙa ramin tsotse ruwa a ƙofar gida su duba ƙasarsu tukun. Inda yashi ne lafiya lau, amma baƙar laka irin wadda ake dasa masakwa a cikinta ba ta shan ruwa, ramin cika zai yi ya zama gidan sauro, kuma da zafin nan namu kwana 10 ma ya ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo.

Kwatar waje kuma ai ta kowa ce shi yasa ba mai kula da ita. Tun 2014 aka hana siririyar leda a Kamaru, amma leƙa kowane kwalbati ka gani. Kuma abin da ke ban haushi, matasa su fito su yashe kwata da shebur, a tara dattin a bakinta a bar shi, ruwan farko ya mayar da shi ciki. In za a yi aikin gayya a yi shi a watan Mayu kafin ruwa ya kankama, a tanadi baro ko amalanke a ranar a kai dattin bola.