Wasiƙa daga Birmingham: a sa kocin unguwa cikin yaƙi da annoba

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na Bauchi. Ina gaisuwa, ya sanyin hunturu?

A 2021, da korona ta yi tsanani a Ingila, filin wasa na Villa Park da ke nan Birmingham ya koma wurin allurar rigakafi. Haka aka yi da filin wasa na Ashton Gate a Bristol. Wurare ne da jama'a suka saba shiga ba fargaba.

Mu ma muna da filin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists, amma a ganina abin da ya fi su amfani shi ne kocin unguwa. Daga Wunti zuwa Yelwa, kowace yamma akwai mutum ɗaya mai usur da samari ke jin maganarsa. Yaron da zai yi kunnen uwar shegu da sanarwar rediyo, in koci ya ce ba zai buga gobe ba, jikinsa rawa yake.

Rani ya shigo, lokacin zazzaɓin Lassa ke nan, kuma jiharmu na cikin waɗanda ya fi addaba tare da Ondo da Edo. Ɓera ne ke kawo shi, ta fitsari da kashinsa a kan hatsi da abincin da ba a rufe ba. Mugun abin, farkonsa kamar zazzaɓin cizon sauro yake, sai a yi ta zarya kemis har jini ya ɓalle, alhali maganin ribavirin ya fi aiki a kwanakin farko. Wa ke ƙona daji yana farautar ɓeraye? Wa ke shanya amfanin gona a bakin titi? Samarin nan ne dai. Minti biyar kafin atisaye sun isa koci ya ce: zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a wuce asibiti.

Kwalara ma, wadda ta yi mana ɓarna a 2021, ta shafi fili kai tsaye. Bokitin ruwa ɗaya da moɗa ɗaya ga ƙungiya guda, a daina. In kuwa mashaƙo ne irin na 2023, wanda ke bin numfashi, a dakatar da gasar, ko da an kai wasan ƙarshe.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya da masu unguwanni: a tara kociyoyin nan a horar da su tun yanzu, a ba su sabulu da ruwa mai tsafta. Ƙungiyoyin 'yan mata da masu gidajen kallon ƙwallo ma a kira su taron.

Naku,
Ɗan Bauchi a Birmingham