Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Turanci ya sa ni kuka

Jama'a barkanmu da warhaka. Wancan satin na tsaya a inda sakamakon WAEC ɗina ya fito karo na biyu da D7 a Turanci, ga shi jami'a ba ta kallon mutum sai da C6 aƙalla, to shi ne Yaya ya biya min kuɗin lesin na yamma a unguwarmu don in zana ta 'yan waje, wadda muke ce wa GCE.

Wata Talata Malam ya shigo ya ce kowa ya yi wa na kusa da shi fatan alheri da Turanci, ni kuwa uwar rawar kai na miƙe na ce wa ƙawata "I wish you will pass". Ya ce zauna malama, ai kin gama cire mata rai da cin jarrabawar. Wai wish in jimla ta biyo bayanta abin da babu shi ake nufi, wanda ake sa ran samu kuwa hope ne, "I hope you pass". Wato hope ita ce ina fata ko Allah ya sa, wish kuma ina ma. Sai ya rubuta "I wish I had a car" a allo, ya ce had ɗin nan ba zancen jiya take ba, yau ɗin nan ne ba ka da motar, Bature ja da aikatau baya yake taki ɗaya ya nuna mafarki ne. Har da "I wish I were rich", were da I fa, abin da tun firamare ake zane mu a kansa! In kuma abu ya riga ya wuce sai a ƙara ja, "I wish I had studied", wannan kam da-na-sani ce zalla.

Aikin gida jimla 5 ya ba mu irin ta ƙarshen. Huɗu shirme na rubuta, su anko da waya. Ta biyar ce ban san lokacin da hannuna ya rubuta ba, "I wish I had gone that Friday". Juma'ar da Baba ya aiko in je Zariya yana son ganina, na ce sai Lahadi saboda bikin ƙawa, Asabar da asuba aka bugo waya ya rasu.

Umma ta tarar da ni ina ta kuka kan littafi ta ce ke lafiya, na fassara mata. Ta jima shiru sannan ta ce 'yar nan ba hadisi ya hana mu cewa "da ma" ba, ƙofar Shaiɗan take buɗewa, ki ce Allah ya ƙaddara, ki tashi ki masa addu'a. Ita ma na ga ta share ido da bakin mayafi.

Washegari Malam ya ba ni 5 bisa 5, bai tambaye ni wace Juma'a ba ce. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar jarrabawar, da yadda na bar katina a cikin adaidaita.