Tsohon injin kwashe dusar ƙanƙara: abin da nake dubawa kafin in biya kuɗi

A birnin Minneapolis na Amurka doka ce mai gida ya share dusar ƙanƙarar da ke hanyar masu tafiya a ƙasa ta ƙofar gidansa cikin awa 24 da tsayawar zubarta. Wanda ƙugunsa ba zai jure shebur ba, dole ya nemi inji, sabon mai ƙarfi kuwa yakan haura dala 1,000. A nan abincina yake. Ina da ɗan gareji, ina sayen na hannu in gyara in sayar.

Saye daga Afrilu zuwa Yuni ake yinsa, lokacin da mutane ke kwashe tarkacen gareji suna sakawa a Facebook. Kafin tsakiyar Oktoba kuma sai na gama gyara, domin mutanen garin nan ba su manta da 1991 ba, shekarar da dusar ta fara sauka ran 31 ga Oktoba ta tara inci 28.

Yawancin masu sayarwa magana ɗaya suke yi: "Bara yana aiki, bana ya ƙi tashi." Wannan ba ya tayar mini da hankali. Fetur ɗin nan akwai kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol a ciki, idan ya kwana wata da watanni a tanki sai ya ja ruwa, ya yi danƙo, ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi a kafireta. Kana kwance kofin ƙasan za ka ga koren datti yana warin tsohon fenti. A wanke, a sa sabon fulogi, a juye baƙin mai, sai ka ji ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa gyaran janareta a Kano ya san aikin nan.

Gaban injin ne ke sa ni tsugunawa in daɗe. Akwai murɗaɗɗen ƙarfen da ke tattaro dusar, da fankar da ke watsa ta ta bututu, da ƙaramin akwatin giya a tsakiya. An ɗaure murɗaɗɗen ƙarfen a jikin sandar da ke juya shi da wata ƙusa mai taushi wadda da gangan aka yi ta don ta karye idan injin ya haɗiyi dutse ko daskararriyar jarida. Sai wani ya ga ta karye, ya ɗauko ƙaƙƙarfan noti ya ɗaura, yana ganin ya yi dabara. Ranar da ya sake cin karo da dutse, haƙoran giyar ne za su zube, kuɗin gyaransu kuma yakan kai kuɗin injin gaba ɗaya. Abin yana ba ni takaici, domin ƙusar ba ta wuce 'yan daloli ba. Haka idan tsatsa ta manne ƙarfen da sandarsa: ƙusar tana nan amma ba ta kare komai. Shi ya sa nake zare ta in juya ƙarfen da hannu. In ya ƙi motsi, ko na ga gishirin da ake barbaɗawa a titi don narkar da ƙanƙara ya huda jikin injin, sai in yi wa mai shi godiya in wuce.

Tsofaffin ƙirar kamfanonin Ariens da Toro na fi so, ƙarfensu na da kauri. Da yawansu injin Tecumseh ne a kansu, kamfanin ya daina ƙera injuna a 2008, amma har yanzu ana samun kayan gyaransu. Bel da faifan robar da ke tura tayoyi ba na ma tsayawa dubawa, sababbi nake sawa.

Ba na miƙa wa kowa inji sai na nuna masa sandar zaƙulo dusa. Idan bututu ya toshe, ko an kashe injin, fankar na iya zabura da zarar abin da ya tokare ta ya fita, kuma duk hunturu sai ta datse wa mutane yatsu. Ina ɗaure ƙusa biyu na ko-ta-kwana a hannun injin, in ce idan Afrilu ta zo ya bar shi yana aiki har man ya ƙare kafin ya ajiye.