Laraba a Katsina: ɗebo ruwan ƙasan teku da matsinsa

Hazo ya rufe gari tun asuba. Bayan azahar muka zauna da ɗalibai uku kan yadda ake ɗebo ruwa daga ƙasan teku. Ɗaya ta ce, "Malam, ba guga kawai za a zura ba?" Gugan akwai shi, kwalbar Niskin ce: a jera su jikin ƙarfe, a zura da waya, a rufe bakinsu a zurfin da ake so. Tana kawo ruwa, amma ba ta riƙe matsi.

Duk mita 10 da aka nutsa, matsi na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke shaƙa. A mita 4,000 ya kai ninki 400, ga sanyi da bai wuce digiri 4 ba. In aka fito da bakteriyar wurin sarari, wata ta rage ci, wata ta ƙara, sai awon da aka yi a jirgi ya saɓa da abin da take yi a mazauninta. Wannan ya sa tun shekarun 1970 Holger Jannasch na cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka ya ƙera mazubi mai riƙe matsi.

Na zana musu irinsa a allo. Bututun ƙarfen taitaniyam ne mai cin rabin lita, da fistin a ciki, wato toshi mai zamewa irin na sirinji. Bayan fistin ana cika tataccen ruwa, wanda ke fita ta siririyar kafa, don ruwan teku ya shigo a hankali ta bawul mai hanya ɗaya. A gefe akwai tulun iskar naitirojin da ke tokare fistin lokacin hawowa.

Nan na fi daɗewa, don nan ake asara. Ruwa ba ya matsuwa sosai: a wannan zurfin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ke nan a rabin lita, in ba don tulun naitirojin ba, cokalin shayi biyu ya tsiyaye, matsin ya tafi gaba ɗaya. Zoben roba ya ƙanƙance saboda sanyi, ko ƙwayar yashi ta maƙale a bawul, ya isa. Ruwan saman teku kuma yana ɗumama bututun, dole a garzaya da shi ɗakin sanyi.

Sinadarin lusin da ake auna cin bakteriya da shi ma da famfo mai matsi ake tura shi, ba a buɗe murfi. Kafin nan a duba agogon matsi; in allurar ta faɗi, a rubuta a jikin bututun, a ware shi gefe.